Ranar da Aka Kwance Hannun 'Yar Inna

'Yata ta fari bahaguwa ce. Tun tana rarrafe na lura, in aka miƙa mata abu hannun hagu take fara ɗagawa. Ban faɗa wa kowa ba, don ba ni da bakin faɗa. Mu asalinmu Fulani ne da suka zauna gari, a Ƙofar Wambai. Shanu sun ƙare tun zamanin kakan maigidana, amma kunya ba ta ƙare ba. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Ana yaye yarinyar, surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Can take kwana, can take ci. Ni Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa, ni kuma in zan yi zancenta sai in ce 'yar Inna.

Inna gwanar kaɗin zare ce. Masaƙa har gida suke aikowa a tambayi zarenta. Da hantsi za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ajiye taskira, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ka ji yana ƙugi a hankali kamar zuma ta shigo gida. Yarinyar kullum tana jikinta. Ƙawata take kiran ta. In an yi miya da nama, tsokar da ta fi taushi Inna ba ta ci, sai ta tura ta gefen akushi inda hannun jikarta zai kai. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugunta ce ta sa ta yi abin da ta yi.

Da yarinyar ta fara famfara, haƙoran gaba suka zube, Inna ta ce lokacin koyon kaɗi ya yi, ta sayo mata ɗan ƙaramin mazari. Nan abin ya fito fili. Mai kaɗi da hagu take riƙe auduga, ta murza mazari da dama. 'Yar Inna sai ta juya. Zaren yana fita kuwa, sumul, amma murɗinsa a baibai yake, in Inna ta zo haɗa shi da nata sai ya warware. Inna ta gyara mata riƙo, da ta kau da kai sai mazari ya koma hagu. Ana cikin haka wata ƙanwar Inna ta zo daga ƙauye, aka aiki yarinyar ta kawo mata ruwa, ta miƙa da hagu. Baƙuwar ba ta karɓa ba. Ta dubi Inna ta ce, "Yaya, a gari haka ake renon 'ya'ya?"

Washegari Inna ta ɗinka wata 'yar jaka da guntun baƙin saƙi. Ta kira yarinyar, ta dunƙule mata hannun hagu, ta zura shi a ciki, ta ɗaure a wuyan hannu da abawa, zaren nan mai kauri.

"Ƙawata, ba faɗa nake miki ba," in ji ta. "Ke mace ce, gidan wasu za ki. Wa zai ci tuwon da aka kwashe da hagu? Kwana kaɗan ne dama za ta saba."

Kullum da safe a ɗaure, da magariba a kwance. Kwana kaɗan ya zama watanni.

Ni daga ƙofar madafa nake kallo, kallon da na iya, na gefen ido. Na ga loma tana faɗuwa tsakanin akushi da baki. Na ga ta fara tashi ta bar tuwo, ita da ke suɗe kwano. Ta daina fita wasa, in wata ta yi sallama sai ta ruga ɗaki ta ɓuya. Sannan magana ta fara sarƙe mata. Yarinyar da ke cika gida da surutu, sai ta tsaya a gabana tana "A-a-adda", ta kasa ƙarasawa, ta juya ta tafi. Da sassafe kuma nakan ga Inna ta fito da tabarmar kwanansu ta shanya a kan katanga, tana faɗi da ƙarfi don a ji, wai buta ce ta kife.

Ina da goyo a lokacin, namiji, shi ina iya rungume shi yadda na ga dama. Sai in matse shi har ya yi kuka, alhali ba shi nake nufi ba.

Na gwada maigidana sau ɗaya. Tela ne, ranar ya dawo da aiki gida yana sa maɓalli a zaure. Na kai masa fura na tsuguna.

"Malam, ba ka ga 'yar Inna ta rame ba?"

Bai ɗago ba. "Yaushe muka fara wannan magana ni da ke?"

"Ba magana nake ba. Tambaya na yi."

"Inna ce ta rene ni, ga ni ban mutu ba."

Shi ke nan. Amma da yamma na ga ya shigo da alewa a takarda, ya ba Inna, ya ce wai wani ne ya ba shi, shi kuma ba ya shan zaƙi. Shi ma ɗin iyakar abin da zai iya ke nan.

Wannan duk a shekarun da ake ta zancen mulkin kai ne, Turawa ba su riga sun tafi ba. Wata rana bayan an gama kaka mai shela ya bi unguwa yana cewa masu gidan ajiye kayan tarihi za su zo gari, kuma za a yi nunin sana'o'in hannu a filin makaranta. Duk mai aikin hannu ya kawo abinsa, ya zauna ya yi a gaban jama'a, yara su gani su gwada. Abin da ya yi wa baƙin kyau za su ɗauka su kai can su ajiye, don jikoki su gani. Ya ce an kewaye wa mata gefe guda da zana, namiji ba zai shiga ba, saboda haka magidanta su bar matansu su fito.

Mai unguwa da kansa ya aiko wa Inna. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta zaɓi audugar da ta fi fari, ta gurje ta da kanta, ta ƙona ƙashi ta yi sabon alli. Ta zauna kaɗin arafiya, zaren nan siriri da sai ka ɗaga shi ga haske kake ganinsa. Ko sallama aka yi mata sai ta kai ƙarshen zare take amsawa.

Akwai maƙwabciyarmu, mai awara da yawan magana, ta leƙo ta tarar da ita.

"Inna, an ce a cikin gilashi za a sa zaren nan a kulle, ba mai saƙa shi har abada."

"To ai ya huta da masaƙan yanzu."

"Ni dai ban gane ba. Tukunyar da ba za a girka ba, faifan da ba za a rufe komai da shi ba, sai dai a tsaya ana kallo kamar amarya."

"Ki kai awararki a sa miki, mu ga ko za ta kwana."

Maƙwabciyar ta yi dariya, ta waiga. "Ina ƙawar taki? Kwana biyu ba a ganin ta a waje. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Kaɗi take koyo."

Maigidana ya yarda in raka Inna in riƙe mata kaya. Murna da tsoro suka haɗu mini. Rabona da fita da rana har na manta. Ina tunanin ƙyanda, ina tunanin bakin mutane a kan goyona, ina tunanin in yarinyar ta ɓace a cikin taro yaya zan kira ta, ni da ba na kama sunanta. Amma can ƙasan raina ina sa ran abu ɗaya: tunda fita za a yi, Inna za ta bar hannun a sake.

Da safen ranar aka yi wa yarinyar wanka, aka sa mata kwalli, aka ɗaura mata sabon zane. Sai na ga Inna ta ɗauko 'yar jakar nan ta jujjuya ta. Ta yi dauɗa, miya da toka duk sun ɓata ta. Ta ajiye. Raina ya fara sanyi. Sai ta buɗe adudu ta yago farin ƙyalle sabo fil, ta naɗe hannun da shi tsaf, har wuyan hannu, ta ɗaure.

"Yau ma, Inna?" Iyakar abin da ya fita daga bakina ke nan.

"Yau musamman. Gaban mutane za mu. Kin ga ai fari ya fi kyau da zanen."

Kwalliya ta yi mata. Daga ni har ita ba wadda ta yi tunanin abin da farin ƙyalle a hannu yake kama da shi.

Kafin mu kai gefen mata sai da muka ratsa ta bakin na maza. Na ja mayafi, amma idona bai bar komai ba. Maƙera sun haƙa ramin wuta a nan filin, ana zuga. Dukawa sun baje jar fata da koriya. Wani marini yana ɗaga hannuwansa shuɗi yana tsorata yara, suna gudu suna dawowa. Masaƙa sun miƙe zarensu dogo har sai da muka tsallake shi.

Cikin zana kuwa mata ne ko'ina, ba mai rufe fuska. Ga masu saƙar faifai, ga masu tabarma, ga matan ruga sun jera ƙore masu zane tun daga babba har 'yar mitsitsiya, ga masu sabulun salo, ga wata ta kafa masaƙarta ta jingina da bishiya tana saƙa gwado. Akwai wata malama daga makarantar 'yan mata tare da wata Baturiya mai faffaɗar hula, su ne wakilan masu gidan tarihin a gefenmu. Suna bi tabarma-tabarma, su tsuguna, su taɓa, malamar ta yi tambaya ta juya wa Baturiyar. Sun fara daga can bakin ƙofa, mu muna wajen ƙarshe.

Inna ta zauna ta murza mazari. Nan da nan mata suka kewaye ta. Na ji wata tana cewa, "Wannan ai gashin kai ne, ba zare ba." Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga wuyanta ya miƙe. Ni ina bayanta ina shiɓa mata auduga, goyo yana barci.

Ban san lokacin da yarinyar ta zame ba. Da na ɗago sai na hango ta a tsallaken fili, wurin wata maginiyar tukwane. Tsohuwa ce baƙa siririya, daga ƙauyukan bayan Tirwun, ta zo da yumɓunta a kwando. Ta kife tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, tana daɓa yumɓu a kai da wani dutse mai faɗi. Yara sun yi mata zobe, ta gutsura wa kowa curi ya yi abin da ya ga dama. 'Yar Inna ma an ba ta. Ta tsuguna tana dannawa da dama, curin yana mirginewa, tana tare shi da dunƙulallen hannun. Farin ƙyallen ya fara yin ja. Rabona da in ga ta manta da kanta haka an daɗe, sai na ƙyale ta.

Hausar maginiyar irin ta mutanen duwatsu ce, mace da namiji duk kai ne. Muryarta kuma tana da ƙarfi, har inda nake ina ji.

"Kai yarinya, yumɓu hannu biyu yake so. Me ya sami hannunka?"

Yarinyar ta buɗe baki. Na ga leɓenta yana rawa, maganar ta ƙi fita. Ta ɓoye hannun a baya.

Wata doguwar mata da ban sani ba tana tsaye a kan ɗanta. Ta leƙa, ta kama kafaɗar yaron ta janye shi. Ta ce wa ta kusa da ita wani abu. Ita ma ta leƙa ta janye nata. Na ji ana cewa bandejin asibiti ne. Na ji ana cewa, "Duba, a dunƙule yake, ba alamar yatsu." Kafin in ajiye bakan shiɓa, yara duk an kwashe su, an bar fili fayau, 'yar Inna a tsakiya ita kaɗai da curin yumɓunta. Sai na ji muryar da na sani, ta maƙwabciyarmu mai awara.

"Allah sarki. Shi ya sa aka daina ganin ta a waje."

Sannan wata ta faɗi sunan ciwon. Kuturta.

Mai karatu na yanzu ba lalle ya san nauyin wannan kalma a lokacin ba. Malaman asibiti suna yawo suna duba jikin mutane, wanda aka samu wani lokaci can bayan gari ake kai shi. Ko ba a kai ka ba, an gama da kai. Ba mai cin abincin gidanku, ba mai aron turminku, ba mai neman aure a zuriyarku. Kuma ba sai ta tabbata ba. Ya isa a ce an faɗa a taro, matan unguwa goma sun ji, kowace ta koma gida da ita.

Na dubi Inna. Mata sun rufe ta, kanta yana ƙasa, malama da Baturiya sun kusa isowa gare ta. In na taɓa ta yanzu, zaren da ta yi wata tana shiri ya tashi a banza. In kuma na jira, maganar ta gama zaga fili. Ban san na yanke shawara ba, na dai tsinci kaina ina tafiya.

Na shiga filin da aka bari. Na ce, "Ba ciwo ba ne."

Muryata ba ta fita sosai ba. Doguwar matar ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kin sani ne? Ina uwarta? Ita ya kamata a tambaya, da ta kawo ta cikin 'ya'yan mutane."

Maƙwabciyarmu tana kallona. Ta san ko ni wace ce, ta kuma san abin da ba na faɗa. Jira take ta ji abin da zan ce.

Na ce, "Ni ce. Ni na haife ta."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. Ba na jin ba ta sani ba, yara suna jin abubuwa. Amma daga bakina ba ta taɓa ji ba. Ban iya haɗa ido da ita ba, na durƙusa na kamo hannun. Ƙullin Inna ne, ƙullin mai zare, ga shi ya jiƙe da ruwan yumɓu. Farcena ya kasa. Na sa haƙori, ƙasa ta cika mini baki, goyona ya farka ya fara kuka. Da ƙyar ya tsinke. Na warware ƙyallen.

Da na san abin da zai fito, ban sani ba ko da na kwance. Hannun da ya yi watanni ba ya ganin rana, ga gumi, ya yi fari fat, ya yamutse. Wuyan hannun da shatar zare. Yatsun suna nan amma a lanƙwashe, sun ƙi miƙewa.

"Kun gani ko," in ji doguwar matar, a hankali, ba da faɗa ba. Mata suka ƙara ja da baya.

"Buɗe," na ce wa yarinyar. "Buɗe su gani."

Ta ƙi. Tana ta waigen inda Inna take. An hana ta amfani da hannun nan, ni kuma ban taɓa ba ta umarni a kan komai ba.

Maginiyar ta taso ta kama hannun ba ko ƙyanƙyami, ta tsoma shi a kaskon ruwanta tana murzawa.

"Hannu lafiyarsa ƙalau. An ɗaure shi ne kawai kamar akuya. Wane ne ya yi wannan aiki?"

Ba wadda ta kula ta. Baƙuwa ce, an jima za ta ɗauki kwandonta ta tafi, ba ita za ta zauna da mu ba.

"Ni ce."

Inna ce a bayana. Mazari yana hannunta, zaren ya tsinke yana reto. Ban san wa ya gaya mata ba, ko kukan goyona ta ji. Ta dubi ƙyallen a ƙasa, ta dubi hannun, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabciyarmu ta matso, da gaske tausayi take ji. "Inna, ai da kun faɗa. Ba a ɓoye irin wannan. An ce yanzu akwai ƙwayar magani."

Inna ta juyo gare ni. Ta miƙo mini mazarin. Ta kwance bakin zaninta ta ciro goro, ta ɓare, ta tsuguna a gaban jikarta. Ta miƙar da yatsun nan ɗaya-ɗaya, ta sa ɓarin goron a tafin.

"Ƙawata, ba ni goro."

Yarinyar ta yi sauri za ta mayar da shi dama, yadda aka koya mata.

"A'a. Da wannan."

Yarinyar ta ɗaga hannun. Inna ba ta karɓa da hannu ba. Ta sunkuya ta ɗauke goron da leɓenta daga cikin yatsun, jiƙaƙƙu da ruwan yumɓu, ta tauna. Ta daɗe tana taunawa, hannun yana riƙe a kumatunta. Sannan ta miƙe.

"Bahaguwa ce. Ni na ɗaure ta. Wadda take da sauran tambaya ta zo ga ni."

Can wata tsohuwa mai saƙar faifai ta ce daga tabarmarta, "Bahaguwa kawai? Duk wannan a kan hagu? Ni mijina bahago ne, tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ganin loma ta ɓace masa hanya ba."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Wani yaro ya ƙwace daga hannun uwarsa ya koma kan yumɓunsa, ba ta bi shi ba. Doguwar matar dai ta ja ɗanta ta tafi wajen masu ƙore.

"Tsohuwa, ka bar mini shi in koya masa gini," in ji maginiyar. "Ka ga yadda yake son yumɓu."

"Jikata kaɗi za ta yi, ba gini ba."

"To yau dai ka bar shi."

Inna ta bar ta. Yarinyar ta tsuguna. Da farko da dama kaɗai take taɓawa, hagun yana kan cinya. Maginiyar ta ɗauko shi ta cusa babban yatsan a tsakiyar curin, ta ɗora dama a waje, ta ce ta juya. Yatsun suka fara motsi. Ja ya dawo musu a hankali. Ta gina wani abu mai kama da kasko, gefe ɗaya ya fi tsawo, ta sake rushewa ta sake ginawa. Harshenta yana waje ta giɓin haƙoranta.

Da muka koma tabarmarmu, malama da Baturiya sun riga sun wuce. Sun zo sun tarar da taskira a kife ba kowa, sun yi gaba. Zaren wata mata daga wata unguwa suka ɗauka, muna gani aka naɗe shi a takarda. Zare ne mai kyau, amma ko ni na san bai kai na Inna ba. Na ce wa Inna ko in je in kira malamar. Ta ce, "Zauna." Ta shafa alli ta ci gaba da kaɗi har la'asar, zaren yana ta tsinke mata, abin da ban taɓa gani ba.

A hanyar gida Inna tana gaba, yarinyar tana biye da ita da ɗanyen kaskonta a tafi biyu, ni ina baya da kaya. Mun kusa shiga unguwa Inna ta yi magana ba tare da ta waigo ba.

"Na ji an ce yau wata ta haihu a filin makaranta."

Fuskata ta ɗauki zafi. "Inna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ƙarya kika yi?"

Muka wuce rijiya, muka wuce masallaci.

"Amma kada ki saba," in ji ta.

Ba a sake ɗaure hannun ba. Ba wanda ya yi shela, gari ya waye kawai ba a ɗaure ba. Inna ba ta sauka daga ra'ayinta gaba ɗaya ba. Lokacin cin abinci sai ta zauna ta gefen hagun yarinyar, ta ɗora hannun a kan gwiwarta ta dafe, har a gama. Ci da miƙa abu da karɓa, da dama. Sauran kuwa ta kau da kai. Zarenta na baibai aka riƙa naɗe shi daban. I'inar ta ragu sannu a hankali, ko da yake har ta girma in ranta ya ɓaci sai ta dawo. Maganar ciwon ma ba ta mutu a ranar ba. Akwai gidan da suka daina aiko yaransu ɗiban wuta wurinmu har damina ta faɗi, Inna kuma ba ta ƙara sayen awara ba.

Bayan 'yan kwanaki ina kankare tukunyar tuwo a madafa, sai na ga inuwa a ƙofa. 'Yar Inna ce. Ba ta saba zuwa wurina haka kawai ba. Ta tsaya tana murza ƙafa a ƙasa.

"A-adda."

"Na'am."

"Da gaske ne?"

Na leƙa tsakar gida. Inna tana ƙofar ɗakinta, inda duk abin da aka faɗa a madafa tana ji. Mazarin ya tsaya. Sai na ga ta tattara taskira, ta miƙe tana dafa gwiwa, tana cewa rana ta iso ta, alhali inuwa ce a wurin. Ta shige ɗaki ta saki asabari.

Na ce, "Da gaske ne."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tafi ba, ni kuma ban san abin da ake faɗa bayan wannan ba. Sai na ɓamɓaro ƙanzo na miƙa mata, na matsa gefe. Ta shigo ta zauna a kan itacen da ke kusa da ni, muna ci.